Bin Sawun Jirgin Kwal a Duwatsun Arewacin Ingila

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu yi nisan kiwo, don sai arewacin Ingila za mu ya da zango. Can za mu bi sawun jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi, irin wanda dattawan Zariya da Minna da Kafanchan suka taso suna jin kukansa da asuba, wanda yawancin matasan da ke sauraronmu ba su taɓa gani ba sai a hoto.

A Ingila, Litinin ta ƙarshe a watan Agusta ranar hutu ce, haka ma Litinin ta farko da ta ƙarshe a watan Mayu. In aka haɗa da Asabar da Lahadi, kwana uku ke nan a jere. Wasu su nufi bakin teku, wasu su tafi ganin dangi. Akwai kuma waɗanda tun watanni kafin hutun suka yanki tikitin jirgin yawon shaƙatawa da tsohon kan jirgi mai tururi zai ja. Sannan ga wasu da ba sa shiga jirgin ko kaɗan. Su nasu aikin shi ne su bi shi a mota, su riga shi isa wata gada ko wani tudu, su kafa kyamara, ya wuce su cikin minti guda, su sake faɗawa mota su yi gaba. Wanda bai san dawan garin ba zai ce aikin marasa abin yi ne. Ni kuwa a ganina, da irin waɗannan mutane aka riƙe wata sana'a da ta kai bakin kabari, kuma akwai abin da ya shafe mu a cikin labarin.

Ranar 11 ga Agusta 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jirgin fasinja na ƙarshe da tururi ya ja a manyan layukanta. Daga Liverpool ya tashi, ya bi ta Manchester zuwa Carlisle ya dawo, tikitinsa fam 15 da sule 15, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Daga nan aka haramta wa kawunan tururi hawa babban layi, in ban da guda ɗaya mai suna Flying Scotsman, wanda mai shi yake da yarjejeniya da hukumar tun kafin haramcin. Ku lura, wannan fa ƙasar da aka haifi jirgin ƙasa ce, inda aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825. Gaggawar da aka yi wajen raba gari da tururi har ta wuce hankali. Kan jirgi na ƙarshe da hukumar ta ƙera, Evening Star, ya fito daga maƙera a 1960, aka ajiye shi a 1965, alhali irinsa yakan yi shekara talatin ko arba'in yana aiki. Sai a 1971 aka sassauta, aka fara barin jiragen shaƙatawa su fito jifa-jifa.

To, yanzu ku zo mu bi ɗaya daga cikinsu. Amma wanda yake son ya ga farkon tafiyar ranar Asabar, sai ya je loko tun ranar Juma'a. A garin Carnforth har yau akwai lokon da ake kwantar da irin waɗannan kawuna, kuma yana cikin uku na ƙarshe da aka rufe wa tururi a 1968. Kan jirgi mai tururi ba makulli ake murɗa masa ba. Tun ana gobe tafiya ake cusa tsummoki masu kananzir da guntayen katako a ɗakin wuta, a kunna 'yar ƙaramar wuta, a bar ta tana ci sannu a hankali dare guda. Dalili kuwa, tukunyar tururin ƙarfe ce mai kauri, cike da bututu da ƙusoshi ɗaruruwa. In aka zuga mata wuta da gaggawa, wani sashe zai buɗe kafin wani, sai ta fara yoyo ko ta tsage. Kafin gari ya waye masu hidima sun shiga ramin da ke ƙarƙashin jirgin da fitila da gwangwanin mai mai dogon baki, suna bin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai duba lafiyar jirgi yana zagayawa da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana kasa kunne, don amon ƙarfe mai lafiya daban yake da na wanda ya tsage ko ya kwance. Sai ya sa hannu a takarda sannan jirgin ya fita. Da yawa daga cikin masu wannan kwanan zaune ba a biyan su ko kwabo.

Yadda injin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Duk wadda ta taɓa ɗora tukunya a murhu ta ga marfi yana rawa in ruwa ya tafasa, ta ga asalin abin. Bambancin kawai, wannan tukunyar a toshe take ruf, tururin ba shi da mafita sai inda direba ya buɗe masa. In ya buɗe, tururi ya ruga cikin silinda ya tura fistin gaba, ya sake shigowa ta ɗaya gefen ya tura shi baya, sandunan ƙarfe su ɗauki wannan kai-da-komo su juya ƙafafu. Hikimar da ta fi burge ni ita ce abin da ake yi da tururin da ya gama aiki. Ba a zubar da shi haka nan. Ana harba shi sama ta bututun hayaƙi, shi kuma yana fita yana zuƙo iska ta cikin wutar. Wato gwargwadon yadda jirgi yake wahala, gwargwadon yadda yake hura wa kansa wuta. Wannan fitar tururin ce kuke ji tana bugawa daki-daki in jirgi ya tunkari tudu.

(Ƙarar kan jirgi yana hawan tudu)

Da hantsi, a tashar Hellifield, ake yawan ɗaura kan tururin a gaban taragu 11 ko 12 da suka taso daga nesa. Kaɗan gaba sai a shiga layin da muka zo dominsa, wanda ya tashi daga Settle ya ƙare a Carlisle, kimanin kilomita 117. Kamfanin Midland ne ya gina shi, aka fara jigilar kaya a 1875, fasinja kuma a 1876. Ya ratsa ƙarƙashin duwatsu sau 14, ya tsallake kwaruruwa a kan manyan gadoji fiye da 20. Daga mahaɗar Settle hawa ake yi na kusan kilomita 24 ba hutu, duk mita 100 da jirgi ya ci gaba ya ɗaga sama da mita 1. Direban mota zai ce wannan ai ba tudu ba ne. Amma a nan ƙarfe ne a kan ƙarfe, da nauyin fiye da tan 400 a baya. In an yi yayyafi dogo ya yi santsi, sai ka ji ƙafafun sun kwashe suna juyawa a wuri ɗaya da wata irin ruri, direba ya yi maza ya rufe tururi, ya saki yashi a kan dogon, ya sake buɗewa a hankali.

A wannan hawan, rabon jirgi yana hannun mai zuba kwal. Ku dube shi da kyau. Yana tsaye a kan faranti mai girgiza tsakanin kan jirgi da taragon kwal, ƙafafu a ware, bayansa iska mai sanyi, gabansa wuta fara fat da ba a iya kallonta kai tsaye. Ba lodi yake yi ba. Shebur shida ko takwas zai watsa, kowanne da inda aka nufa da shi: kusurwar baya ta dama, ta hagu, gefe da gefe, sannan can gaba inda sai an murza hannu kwal yake kaiwa. Ya rufe ƙofa, ya leƙa bututun hayaƙi. In hayaƙin ya yi baƙi ƙirin, ya san ya cika hannu, kwal yana tafiya sama bai ƙone ba. In ya yi toka-toka, aiki ya yi. Masu ɗaukar hoto baƙin hayaƙi suke so, amma a wurin gwani abin kunya ne. Idonsa ɗaya yana kan agogon ƙarfin tururi, ɗaya yana kan wani siririn gilashi mai nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya. In ya tura ruwan sanyi da yawa, tururi ya faɗi, jirgi ya rasa ƙarfi a tsakiyar tudu. In ya yi jinkiri ruwa ya sauka har rufin ɗakin wuta ya bushe, to, an shiga haɗari babba. Tsakanin waɗannan biyun yake tafiya har a kai ƙoli, kuma bayan minti biyu zai sake ɗaukar shebur. Wannan ilimi ba ya zama a littafi. A da, yaro yakan fara da goge jirgi, ya shekara da shekaru kafin a ba shi shebur, ya ƙara wasu kafin ya zama direba. Yanzu waɗanda suka yi aikin kafin 1968 saura ƙalilan, kuma abin da ya sa ilimin bai bi su ba shi ne jiragen ba su daina tafiya ba, matasa suna tsayawa kusa da tsofaffi suna koyo.

Mu kuma da ke bin sa a mota, tuni mun yi gaba zuwa Ribblehead. Nan ne matattara. Gada ce ta dutse mai baka 24, tsawonta mita 400, tsayinta mita 32, ta miƙe a kan wani fili mai dausayi a gindin dutsen Whernside, ba itace ba gida sai tumaki da iska. A ranar hutu irin wannan za ka tarar da motoci sun yi layi a gefen hanya, mutane sun bazu a kan tudu, tsofaffi da kujerun naɗewa, iyaye da yara a wuya. Suna da ladabinsu. Ba ka shiga gaban kyamarar wanda ya riga ka zuwa, kuma da zarar an hango farin tururi daga kudu kowa yakan yi tsit, saboda wasu sauti suka zo ɗauka. Jirgin yakan rage gudu a kan gadar, layi ɗaya ne tilo a kanta tun 1985. Idan ka lura da ginshiƙan, za ka ga kowane na shida ya fi sauran kauri. Maginan sun yi haka ne don in wani baka ya rushe, ɓarnar ta tsaya a tsakanin ginshiƙai biyu masu kauri, kada ta kwashe gadar duka.

Ba na son mu bar wurin nan ba mu ambaci waɗanda suka gina ta ba. Daga 1870 leburori kimanin 2,300 suka yi aiki a wannan yanki, da diga da shebur da albarushi. Sun zauna a bukkokin katako a filin nan da matansu da 'ya'yansu, cikin sanyi da laka. Wasu dutse ya danne su, wasu suka faɗo daga sama, agana kuma ta shiga sansanin ta yi ɓarna. Maƙabartar wata 'yar majami'a a Chapel-le-Dale ta cika har sai da aka ƙara mata fili, an binne maza da mata da yara wajen 200 a cikinta. Wanda ya tsaya yana yaba kyan gadar, ya kamata ya san a kan me take tsaye.

Daga gadar jirgi zai faɗa ramin Blea Moor, fiye da kilomita 2 a ƙarƙashin dutse, hayaƙi ya cika ɗakin direba, fasinja su rurrufe tagogi. A nan mai bi a mota yake gane iyakarsa. Hanyoyin yankin sirara ne, katangar dutse dama da hagu, ga kwana ga tumaki, jirgi kuwa yana iya yin kilomita 90 da wani abu a awa. Ba ka cim masa sai in ya tsaya. Shi ya sa masu hankali a cikinsu tun da dare suke duba jadawalin tafiyar a intanet, su zaɓi wuri biyu ko uku, su haƙura da sauran. Jirgin zai wuce Dent, tashar da ta fi kowace tasha ta babban layi tsayi a Ingila, mita 350 sama da teku, ya wuce Garsdale, ya kai ƙololuwar layin a Ais Gill, mita 356. Daga nan gangara ce zuwa kwarin kogin Eden har Carlisle, inda fasinja za su sha iska na 'yan awoyi, a juya kan jirgi, a share masa wuta, a gyara kwal.

Da la'asar ake juyowa, kuma masana suna cewa dawowar ta fi daɗin ji. A Appleby jirgi yakan tsaya shan ruwa. Babban kan jirgi yana ɗauke da lita fiye da 22,000, amma a irin wannan hanya ba ta kai shi ko'ina. Wannan tsayuwa ita ce damar masu mota su riga shi zuwa kwarin Mallerstang, inda hanya take tafiya kusa da dogo, ana jin bugun jirgin yana amsawa a jikin duwatsu tun kafin a gan shi. Ita ce kuma damar fasinja su sauko su kewaye kan jirgin. A nan za ka ga kaka ya ɗaga jikansa ya leƙa ɗakin wuta, mai zuba kwal da fuska baƙi wuluk yana nuna masa shebur.

Wannan layi da muke yabo, saura ƙiris a tumɓuke shi. A farkon shekarun 1980 hukumar jiragen ta ce gadar Ribblehead ta lalace, gyaranta ya fi ƙarfin aljihu, fasinja kuma babu, don haka za a rufe. Mutanen yankin da masu son jirgi suka ce ba su yarda ba. Takardun ƙin amincewa fiye da 22,000 aka shigar, har da na wani kare mai suna Ruswarp da aka dangwala tafinsa, aka kuma karɓa saboda ana yankar masa tikiti in ya shiga jirgi. Mutum-mutuminsa yana tashar Garsdale yanzu. Amma abin da ya fi takarda tasiri shi ne mutane sun shiga jirgin. Jami'in da aka turo ya kula da rufewar, Ron Cotton, sai ya ƙara jirage ya sauƙaƙa kuɗin tikiti. Aka sake buɗe ƙananan tashoshi 8 a 1986. Fasinja suka tashi daga 93,000 a 1983 zuwa wajen 450,000 a 1989. Da aka gwada gyara wani sashe na gadar, sai aka ga kuɗin bai kai yadda aka faɗa ba. Ranar 11 ga Afrilu 1989 gwamnati ta ce layi ya tsira. Yau jiragen fasinja na kullum da na kaya suna bin sa, mutanen ƙauyukan suna zuwa aiki da asibiti a kansa.

Yanzu bari in faɗi inda nake da ja da wasu masu bin jirgin. Akwai waɗanda son hoto yake rufe wa ido, su tsallake shinge su tsaya a bakin dogo. A watan Fabrairu 2016, ranar da Flying Scotsman ya fito daga Landan zuwa York bayan gyaran shekara goma, sai da aka tsayar da shi a hanya kusa da St Neots saboda mutane sun hau layi. A hutun farkon Mayu 2019 aka sake yin haka a tsakiyar Ingila, jirage fiye da 50 suka makara. Dokar ƙasar ta tanadi tara har ta fam 1,000 ga mai shiga layi, kuma saboda irin wannan hali har ɓoye lokutan tafiyar wannan jirgi ake yi. Mai kallon jirgin tururi hankalinsa yana wuri ɗaya, ƙararsa ta cika masa kunne, ba zai ji jirgin zamani da ke tahowa ta bayansa a ɗaya layin ba. Jirgi mai gudu kuwa yakan ci fiye da kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi, kuma ba ya kaucewa. Wannan gargaɗi bai tsaya a Ingila ba. Mai baza kaya a kan dogo a kasuwanninmu, da mai babur da ke kutsawa mararraba don ya riga jirgi, da yaron da ke tafiya a kan layi da abin sauraro a kunne, duk su nake nufi. Layin da aka daɗe ba a ga jirgi a kansa ba shi ya fi yaudara.

Ja na biyu shi ne na kuɗi. Mai kyamara a kan tudu ya sha kallo kyauta, wanda ya yanki tikiti shi ya sayi kwal ɗin. Duk bayan shekara goma dole a tuɓe tukunyar kan jirgi a bincike ta ciki da waje, kuma aikin yakan ci ɗaruruwan dubban fam. Gyaran Flying Scotsman kaɗai ya ci fam miliyan 4.2. Masu bi na kirki sun san da haka, shi ya sa za ka same su a ƙungiyoyin da suka mallaki jiragen, suna biyan kuɗin wata-wata. Wanda kuwa yake ƙona mai a mota yana bin jirgi shekara da shekaru bai taɓa jefa ko fam ɗaya a asusun gyara ba, a ganina ya ci bashi.

Lahadi da Litinin ayarin yakan watsu zuwa ƙananan layukan tarihi, irin na Keighley mai kilomita 8, ko na North Yorkshire Moors mai kilomita 29 daga Pickering zuwa Grosmont, inda ba a wuce gudun kilomita 40 a awa. A nan ne ake ganin gindin abin. Mai yankan tikiti, mai ɗaga tuta, mai gyaran dogo, mai share tarago, akasarinsu 'yan sa kai ne, malamin makaranta ne ko likita ko bakanike da ya sadaukar da hutunsa. A faɗin Birtaniya sun haura 20,000. Abin ya faro ne a 1951, lokacin da wasu mutane suka karɓi ɗan siririn layin Talyllyn a Wales don kada ya mutu. Kawunan jiragen ma da yawa daga bakin wuƙa aka ƙwato su. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a garin Barry, Dai Woodham, ya sayi kawuna 297 don ya yanka. Sai ya ga yankan taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya bar kawunan a fili suna tsatsa. Ƙungiyoyi suka riƙa tara kuɗi suna zuwa suna fansa ɗaya bayan ɗaya, har 213 suka fita da rai. Wasu ma suka wuce nan. Akwai wani samfurin kan jirgi da aka yanka duka 49 ɗinsa, ba a bar ko ɗaya ba. A 1990 wata ƙungiya ta ce za ta ƙera sabo daga tsofaffin zane-zane, da gudummawar talakawa kaɗan-kaɗan. A 2008 ya fito daga Darlington da suna Tornado, a Afrilu 2017 kuma ya yi gudun kilomita 160 a awa.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin kwal ya fi. Bai fi ba. Jirgin tururi ko kashi 10 cikin 100 na ƙarfin kwal ɗin da ya ci ba ya mayarwa aiki, sauran duk sama yake tafiya. Yana ƙazantar da iska, aikinsa yana cin jikin mutum, kuma in rani ya yi tsanani tartsatsinsa yana tayar da gobara a ciyawa, har akan hana shi fita ko a ɗaura masa kan dizal ya taimaka. Kwal ɗin kansa ya zama matsala. Mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran a Wales, wadda ta fi ba su kwal mai kyau, an rufe ta a ƙarshen 2023. Yanzu daga ƙasashe irin su Kolombiya ake shigo da shi, wasu layukan kuma suna gwada curin da aka haɗa da ƙwallon zaitun. Ba don jigila ake riƙe da waɗannan jirage ba, don kada a manta yadda aka yi aka zo nan ne.

To mu fa? Irin waɗannan kawuna su suka ja tarihinmu. Dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, a kan wuyan leburorin da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, manoman Kano suka ba su gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa tana jiran jirgi. Layi ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Kwal ɗin Inugu ne ya riƙa hura musu wuta. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo wasu kawuna masu sunayen kogunan ƙasar nan, waɗanda aka ƙera wasunsu a maƙerar Vulcan da ke arewacin Ingila, ba nisa sosai da inda muka yi yawo yau. Akwai kuma ɗan siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Abin da ya rage daga jiragensa yana gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta da ke Legas akwai gidan Jaekel, inda wata ƙungiyar sa kai ta tattara hotuna da kayan aikin reluwe. Ban da irin waɗannan, yawancin abin da aka bari ciyawa ta rufe shi, ko ya bi motar 'yan gwangwan.

Na san wani zai ce, muna fama da jirgin da zai kai mu gida lafiya, wa yake ta tsohon ƙarfe? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba cewa nake mu kwaikwayi hutun Turawa ba. Amma ku dubi Saliyo. An rufe layin dogonta gaba ɗaya a 1974, ta sha yaƙin basasa har 2002, duk da haka a 2005 ta buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa a Freetown da kawuna da taragun da tsofaffin ma'aikata suka adana a rumfar gyara. Ɗaya daga cikin kawunanta ma, mai lamba 85, wani layin tarihi a Wales ya saye shi tun 1975, ya yi shekaru yana jan fasinja a can. Rufin kwano da fenti da mai gadi ba su fi ƙarfin wata jiha ko ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ba.

Abin da ya fi ƙarfen gaggawa shi ne mutanen. A unguwannin reluwe na Zariya da Kaduna da Kafanchan da Kano akwai sauran dattawan da suka riƙe shebur, suka juya sigina, suka kwana a loko. Duk shekara raguwa suke yi. Kai saurayi, ke budurwa, da ke riƙe da waya yanzu haka, in Baba ko Kaka ya yi aikin jirgi, ku je ku gaishe shi a wannan makon, ku nemi izini ku kunna rikoda. Ku tambaye shi yadda ake tayar da wuta, inda ake shan ruwa tsakanin Minna da Kaduna, sunan kan jirgin da ya fi so, nawa ne albashinsa na farko. In akwai hula ko fitila ko katin aiki ko hoto a ƙasan akwati, kada a sayar, kada a bar wa gara. Ku ɗauki hotonsu, ku rubuta suna da shekara, ku kai kwafi Gidan Makama a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ko gidan tarihi mafi kusa da ku. In kuma akwai tsohon kan jirgi ko tarago a yashe a garinku, ku sanar da mai unguwa da hukumar jiragen ƙasa cewa idonku yana kansa.

Nan za mu dasa aya a shirin yau.  

(Kiɗan rufe shiri)